Kogin Oti Ya Sauya Hali: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Kan Iyaka Su Sani

Daga wakilinmu a Dapaong

A shekarar 2007 jama'ar arewacin Togo suka ga abubuwa biyu da ba a saba haɗa su cikin shekara guda ba. Tun daga farkon shekarar har tsakiyar damina ana fama da ɗaukewar wutar lantarki a Gana da Togo da Benin, saboda ruwan tafkin Volta ya ja baya ƙwarai, har injinan madatsar Akosombo suka kasa aiki yadda ya kamata. Kafin watan Satumba ya ƙare kuma sai ga ambaliya ta share gonaki da gidaje da gadoji a yankin Savanes, inda aka rasa rayuka fiye da 20. Mai sayar da ƙanƙara ya yi asara a bazara don babu ruwa a Akosombo, mai sayar da hatsi ya yi asara a kaka don ruwa ya yi yawa a Mandouri da Mango. Ruwan kuwa duk ɗaya ne, domin wanda ya ci gona a nan shi ne yake gangarawa ya cika tafki a can.

Masu iya magana na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan aka duba shekaru sittin da suka gabata, za a ga cewa kogunan yankinmu sun sauya hali. Ruwa na zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya wuce da sauri, sannan ƙoramu da rijiyoyi su ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Wannan sauyi ya shafi farashin tumatir da albasa da kifi da dabbobi, ya shafi kuɗin dako da lafiyar hanya, don haka ɗan kasuwar da ke bibiyar canjin sefa da sidi da naira ya kamata ya riƙa bibiyar labarin ruwa kamar yadda yake bibiyar canji.

Daga tudun Bombouaka zuwa Akosombo

Duk direban da ke bin babban titi mai lamba ɗaya daga Lome zuwa Sinkase ya san tudun Bombouaka, wanda ake hawa bayan an baro Mango, kafin a gangara kwarin Fosse aux Lions a shiga Dapaong. Tudun na dutse ne mai yashi-yashi, kuma ruwan saman da ke sauka a yankin, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duk cikin watanni shida yake zuba, daga Mayu zuwa Oktoba. Duk ƙoramar da ta taso daga nan, ko ta bi ta kogin Oti ko ta bi ta Farin Volta, a tafkin Volta take ƙarewa.

Shi kogin Oti daga duwatsun Atakora na ƙasar Benin ya taso, inda ake kiransa Pendjari. Ya bi iyakar Benin da Burkina Faso, ya shigo Togo ta wajen Mandouri, ya ratsa Mango, ya zama iyaka tsakanin Togo da Gana na wani tsawo, sannan ya zuba cikin tafki a kusa da Kete-Krachi. A kan hanya yana karɓar ruwan Koumongou da na Kara da na Mo. Garin Sokode kuwa a tsakanin ruwa biyu yake zaune: abin da ya gangara yamma ya bi kogin Mo zuwa Oti, abin da ya gangara gabas ya bi kogin Mono zuwa madatsar Nangbeto da teku.

Ƙasashe shida ne ke da hannu a ruwan Volta, wato Burkina Faso, Gana, Togo, Benin, Mali da Kwadebuwa, kuma faɗin ƙasar da ke zuba ruwa cikinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 400,000. Rabon Oti a wannan faɗi bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke shiga tafkin daga gare shi yake fitowa. Ke nan idan damina ta yi kyau ko ta lalace a tsakanin Dapaong da Sokode, sai an ji a Akosombo.

Hanyar da fatake suka bi

Hausawa ba baƙin wannan kogi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja don sayen goro a kasuwar Salaga. Ɗaya daga cikin manyan zangunan hanyar shi ne Sansanne Mango, kuma sunan kansa daga kalmar nan tamu ta sansani ya samo asali. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya yi lissafin koguna, domin a rani jaki na iya ratsa mashigi da kaya a bayansa, amma da zarar marka ta kankama sai a jira ko a nemi masu fito. Saboda haka tafiyar rani ce aka fi yi, kuma lissafin ba ya cika saɓawa, don kowa ya san lokacin da kogi ke kawowa da lokacin da yake janyewa.

Babban sauyi na farko hannun ɗan'adam ne ya kawo shi. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, a zamanin Shugaba Kwame Nkrumah, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500. An tashi mutane kimanin 80,000 aka sake musu matsuguni a sababbin garuruwa 52. Cikin wuraren da ruwa ya ci har da tsohon garin Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Tsofaffin mashigai sun ɓace, sababbin kasuwannin kifi da tashoshin jirgin ruwa irin su Yeji da Dambai da Buipe suka bunƙasa.

A 1968 Togo da Benin suka kafa kamfanin haɗin gwiwa na CEB, wanda ya fara sayo wutar Akosombo a farkon shekarun 1970. Dapaong da Sinkase ma sun shafe shekaru suna samun wuta ta layin da ya taso daga Bawku. Tun daga nan ma'aunin ruwan da ke jikin bangon Akosombo ya zama abin da ya shafi mai injin niƙa da mai walda da mai firji a zangunanmu.

Shekarun fari

Shekarun 1950 da na 1960 shekaru ne na wadatar ruwa a Afirka ta Yamma. Daga wajen 1970 sai al'amari ya juya. Aka yi farin 1972 zuwa 1973, aka sake yin wanda ya fi shi tsanani a 1983 zuwa 1984. A wurare da dama ruwan sama ya ragu da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari idan aka gwada da shekarun baya, amma ruwan manyan koguna da yawa ya ragu da kashi 30 zuwa 60. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa kogi ya ragu fiye da yadda ruwan sama ya ragu? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ƙasa ta sha a damina shi ne ke tsatsowa a hankali ya ciyar da ƙorama da rijiya a rani. Kamar jari yake a hannun ɗan kasuwa. Shekara ɗaya ta rashin ciniki ba ta karya mai jari, amma idan aka jera shekaru goma sha biyar ana ci daga uwar kuɗi, ko da kasuwa ta dawo sai an daɗe kafin a miƙe. Haka ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, ƙoramun da a da ke kaiwa bazara da ruwa suka koma ƙafewa tun cikin hunturu.

A Akosombo da ƙafa ake auna ruwa. Iyakar cikar tafkin ƙafa 278 ce, mafi ƙarancin abin da ake so injina su yi aiki da shi kuma ƙafa 240. A 1984 ruwan ya sauka ƙasa da wannan iyaka, har aka rufe masana'antar narka alminiyam ta VALCO da ke Tema. A 1998 ya sake yin ƙasa, Lome da Kwatano suka shafe watanni ana raba wuta unguwa-unguwa. A 2007 ma ya koma ƙasa da ƙafa 240, VALCO ta sake rufewa.

Ruwa ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba

Daga tsakiyar shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa, sai dai ta dawo ta tarar da ƙasa ta canza. Masu bincike sun lura da wani abin mamaki a kogin Nakambe na Burkina Faso, wato Farin Volta: ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke kwarara cikin kogin ƙaruwa ya yi. Dalili shi ne an sare itatuwa, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta zama faƙo. Ruwan da a da ganye da ciyawa da saiwa ke riƙewa har ƙasa ta sha, yanzu kan faƙo yake sauka ya gudu zuwa kwari ɗauke da yashi da taki.

Irin wannan sauyi ba a boye yake ba a yankinmu. Ƙidayar 2010 ta nuna mutanen Savanes sun kusa 830,000, ta 2022 kuma ta nuna sun haura miliyan 1 da dubu 100. Kowane gida na buƙatar gona da itacen girki, birane kuma na buƙatar gawayi. Shirin yaƙi da cutar makantar kogi, wanda aka fara a 1974 aka rufe a 2002, ya kori ƙudan da ke hana mutane zama a bakin ruwa. Wannan babban alheri ne, amma ya sa noma ya matso har gaɓar kogi. Bayan rikicin siyasar farkon shekarun 1990 kuma jama'a suka shiga dazuzzukan da gwamnati ta killace, irin su Keran da Oti-Mandouri da Fosse aux Lions. Wannan kwari na ƙarƙashin Bombouaka, wanda matafiya ke tsayawa su kalli giwaye a cikinsa a shekarun 1980, yau gonaki ne suka fi yawa a ciki.

Shi kansa ruwan saman ya sauya yadda yake sauka. Wani bincike da aka wallafa a mujallar kimiyya ta Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafi a hamadar Sahara. Manomi zai iya samun adadin ruwan da ya saba samu a shekara, amma cikin kwanaki kaɗan, da dogon tsaiko a tsakani.

Sakamakon haka mun gan shi. Bayan ambaliyar 2007, a watan Yulin 2008 ruwa ya karya gadar Amakpape da ke kan titi mai lamba ɗaya tare da wasu gadoji a kudancin ƙasar. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Wagadugu da Yamai da Bamako suka yi cirko-cirko, aka koma zagayawa ta Kpalime, wasu masu kaya kuma suka karkata zuwa Tema da Kwatano. A 2010 tafkin da ya kusa gazawa shekaru uku kafin nan ya cika har aka buɗe ƙofofin Akosombo. A ranar 15 ga Satumban 2023 aka sake buɗe su, ruwa ya mamaye Mepe da wasu garuruwan ƙasan madatsar, ya raba mutane fiye da 25,000 da gidajensu. A Yamai kuma, inda kogi ya tsaya a 1985, an ga cikar da ba a taɓa aunawa ba a 2020.

Madatsun ruwa da masu riƙe da ƙofa

Wani abin da kakanninmu fatake ba su sani ba shi ne kogin da ake buɗewa da rufewa. A 1988 Burkina Faso ta kammala madatsar Kompienga a kan wani reshe da ke zuba cikin Oti, ba nisa da iyakar Togo. A farkon shekarun 1990 ta gama ta Bagre a kan Nakambe. Gana ta ƙara ta Bui a kan Baƙin Volta a 2013. A ɓangaren Mono kuwa akwai Nangbeto tun 1987. Madatsa na riƙe wani kaso na ruwan damina, ta riƙa sakinsa a rani lokacin da injina ke aiki, abin da ke taimakon masu lambu da makiyaya. Amma idan ta cika a watan Agusta ko Satumba dole a buɗe ƙofa, kuma a daidai lokacin ne kogin ƙasa ya riga ya cika da ruwan sama. Shi ya sa kusan kowace shekara mutanen Bawku ta Yamma da Pwalugu ke kasa kunne su ji ranar da kamfanin SONABEL zai saki ruwan Bagre.

Don rage irin wannan saɓani ne shugabannin ƙasashen shida suka sa hannu a Wagadugu a watan Janairun 2007 kan yarjejeniyar kafa Hukumar Kula da Kogin Volta. Aikinta ya haɗa da musayar bayanai tsakanin ƙasar da ke sama da wadda ke ƙasa. Sai dai sanarwar da ta tsaya a ofis ba ta ceton buhun masara. Sai ta isa rediyo, ta isa tashar mota da masallacin zango cikin harshen da mutane ke ji.

Ƙananan madatsu, waɗanda mu a nan muke kira baraji, su ma suna da tasu matsalar. Dapaong na shan ruwan barajin Dalwak, Kara na shan na Kozah, Sokode na shan na Aleheride. A irin zafin yankinmu, rana da iskar hunturu na iya shanye kusan mita 2 na ruwan tafki a shekara. Ga kuma yashi da laka da ambaliya ke zubawa a ciki kowace damina. Baraji zai cika har ya tumbatsa a Satumba, mutane su yi murna, alhali cikinsa ya riga ya cushe, ruwan da ya riƙe bai kai na shekarun baya ba. Tun daga 2021 kuma matsalar tsaro a Kpendjal ta tilasta wa iyalai da dama barin ƙauyukan bakin kogi zuwa garuruwa, abin da ya ƙara yawan masu layi a famfo ɗaya.

Inda abin ke taɓa aljihu

Mai sayen tumatir da albasa da barkono ya san cewa noman rani da ruwan baraji da na rijiyar fadama ya dogara. Idan ruwa ya janye da wuri, masu lambu kan yi gaggawar tsinke kaya lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, bayan 'yan makonni kuma a nemi kaya a rasa. Wanda ya ba manomi kuɗi tun kafin shuka ba tare da ya je ya ga zurfin ruwan ba, da jarinsa yake caca.

Mai kifi banda ma haka. Shekarar da ruwa ya hau ya shiga ciyayi da fadamu, kifi na samun wurin hayayyafa, kamu ya yi kyau a watannin da ke biye. Shekarar da tafki ya yi ƙasa, kututturen itatuwan da ruwa ya binne tun 1965 sukan matso kusa da sama su fasa jiragen katako, manyan jiragen da ke kai mai da siminti Buipe kuma su kasa wucewa, kayan su koma kan titi, kuɗin dako ya tashi.

Dillalan shanu a Sinkase da Koundjoare sun san cewa idan tafkunan daji suka ƙafe da wuri, makiyaya kan gangara kwarin Oti tun amfanin gona bai gama shiga gida ba, daga nan rigima ke tashi, wasu kuma su karyar da dabbobi kafin su rame. Mai hatsi kuwa abokin gabarsa ruwan Agusta ne, ko dai ya ci gonar shinkafa da masara a fadama, ko ya shiga sito ta ƙasa.

Ta fuskar wuta an samu sauƙi idan aka gwada da 1998. Togo ta samu tashar ContourGlobal a Lome a 2010, ta samu ta Kekeli da ta hasken rana a Blitta a 2021, tana kuma sayo wuta daga Najeriya, Gana ma ta ƙara tashoshin gas. Amma wutar ruwa ita ce mai araha, don haka duk shekarar da tafki ya yi ƙasa sai an ƙona mai da gas da yawa, kuma ƙarshenta mai biyan kuɗin wuta ne ke ɗaukar nauyin.

Abin yi

Rigakafi ya fi magani. Kowace shekara kafin damina cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na fitar da hasashen ruwan sama da na cikar koguna, hukumar yanayi ta Togo da hukumar kare jama'a ta ANPC kuma na fitar da gargaɗi. Ya kamata kowace ƙungiyar 'yan kasuwa da ta direbobi ta ɗora wa mutum ɗaya alhakin bibiyar waɗannan sanarwoyi ya isar wa sauran. A ƙauyukan da ƙungiyar Red Cross ta kafa ginshiƙai masu launin kore da rawaya da ja a bakin ruwa, a tambayi mutanen gari inda ruwa ya kai kafin a tura mota.

Kayan da ba sa jira, a yi ƙoƙari su tsallake gadoji kafin tsakiyar Agusta, ko a haƙura sai Oktoba. Mai gina sito ko shago ya tambayi dattawan unguwa inda ruwan 2007 ya tsaya, ya ɗaga dandamalinsa sama da nan, ya kuma jera buhu a kan katako. Mai ba da bashin noman rani ya je da kansa ya duba baraji a watan Nuwamba, kada ya raba kuɗinsa duka ga masu shan ruwa ɗaya.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yashe baraji, barin itatuwa a gaɓar ƙorama da jera duwatsu a gangaren gona duk abubuwa ne da aka gwada aka ga amfaninsu. A Yatenga ta Burkina Faso marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa ramukan zai da zuba taki. A Maraɗi da Damagaram 'yan'uwanmu manoma sun koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona, abin da suke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa tun daga shekarun 1980 itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba. Attajiran zango da ke gina masallatai da haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka musu, za su iya sa wani abu a irin wannan aiki, domin rijiyar ma sai ƙasa ta sha ruwa take kawowa. Masu fataucin gawayi kuma su sani cewa itacen kaɗanya da aka ƙona a tudu, a kwari ake biyan kuɗinsa.

Madugan da suka kafa zangon Mango ba su da rediyo ba su da waya, amma ba sa ɗaura wa jaki kaya sai sun tambayi labarin mashigi. Mu da labari ke iske mu har cikin aljihu ba mu da uzurin tura tirela ba tambaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.